Da Sauƙi

Kububuwa ce ta sari ƙanena Kamilu yana tattara waken suya a gonarmu da ke bayan Daudawa. Ya zura hannun hagu ƙarƙashin tari, ta kama shi a gindin babban yatsa. Ni Baraka, yayarsa, ina aure a Ketare ta wajen Kankara, don haka labarin bai iske ni ba sai da abin ya kwana. Ko da na sauka daga kan mashin na faɗa gida, na tarar da shi zaune a kan tabarma, hannun ya kumbura suntum har kafaɗa, an lafta masa baƙin magani, mahaifinmu Baba Mati yana yi masa fifita. Kamilu ya gan ni ya yi murmushi, sai na ga haƙoransa ja wur. Jini ne ke tsattsafowa daga dasashinsa, shi kuwa yana ta haɗiyewa don kada a gani.

Na ce, "Baba, wannan fa ya wuce na gida."

Ya ce, "Ke dai kin cika gaggawa. Maganin shina aiki, dahin ne ke hita."

Ban tsaya musu da shi ba. Na leƙa bayan ɗaki inda Kamilu ya yi fitsari, na ga ƙasar wurin ta yi ja. Na fita ko mayafi ban gyara ba na nemo Mani direba, mai tsohuwar motar hayar da ke kai mutane kasuwa, na ce ya ajiye duk abin da yake yi ya biyo ni. Baba yana faɗa yana cewa na mai da shi ba kowa ba a gidansa, amma dai ya ɗauki hularsa ya shiga gaba.

Muka nufi ƙaramin asibitin da ke ɓangaren Faskari. Ba zan kama suna ba, su sun san kansu. Ma'aikaci ɗaya ne tal a wurin, Malam Sha'ibu, wanda kowa ke kira likita ko da yake ba likita ba ne, ga mata sun cika baranda da yara masu zazzaɓi. Ya ɗebi jinin Kamilu a wata 'yar kwalba ya ajiye a bakin taga, ya tafi ya duba waɗansu, ya dawo ya karkata kwalbar. Jinin ya gangaro kamar zoɓo.

Ya ce, "Kun ga bai daskare ba. Dafin ya hana jininsa tsayawa, kuma yadda yake zuba a waje haka yake zuba a ciki. Allurar kashe dafi yake buƙata yau ɗin nan, mu kuwa ba mu da ita."

A gabanmu ya kira babban asibiti. Ina tsaye ina jin komai, kuma har yau zan iya maimaita abin da ya faɗa, don ba shi da yawa. Ya ce, "Sista, kuna da allurar maciji? Saura ta mutum ɗaya? To don Allah ki ajiye mana, ga wani nan zan turo." Shi ke nan fa. Bai ce jinin ya ƙi daskarewa ba, bai ambaci dasashi ba, bai ambaci fitsari ba, bai ce saran ya kwana ba. Mutumin da ya gama yi mana bayani tiryan-tiryan, da ya zo gaya wa waɗanda za su yi aiki da bayanin sai ya yi kamar mai aiken goro. Daga can aka tambaye shi lambar da za a riƙa kira. Ya dubi wayarsa ya ce cajinsa ya kusa ƙarewa kuma ba su da wuta, sai ya juya ya ce Baba ya kawo tasa lambar. Tawa wayar tana hannuna, cike da caji, amma ai ni mace ce, ga kuma uban yaro a tsaye.

Na ce, "Malam, wa zai raka mu?"

Ya nuna mini baranda da haɓa. Motar asibitin kuwa tana can gindin bishiyar bedi a kan duwatsu, ba taya ko ɗaya, kaji sun mai da ita gida. Ya ɗaura wa Kamilu ƙarin ruwa, ya miƙo mini ledar ya ce in riƙe ta sama kada in bari ta sauko. Iyakar shirin da aka yi mana ke nan, muka koma motar Mani.

Hanyar nan wanda bai bi ta ba, ba zai gane ba. Rami ne ke miƙa ka ga rami, ga shingen 'yan sa-kai, ga na sojoji, kowa sai ya leƙo ya ga abin da aka ɗauko. Ina baya, kan Kamilu a cinyata, hannuna ɗaya a sama da ledar ruwa har kafaɗata ta mutu. Ba mu yi nisa ba hancinsa ya ɓalle. Na toshe da gefen mayafina, ya jiƙe, na sake wani gefen. Inda aka soka masa allurar ƙarin ruwa ma jini ya fara biyo filasta. Ya ce mini, "Yaya, kaina kamar ana sara da gatari." Na ce ya yi haƙuri mun kusa, allura na can tana jiransa.

Wayar Baba kuwa ba ta huta ba. Labari ya zaga dangi, kowa yana kira ya yi gaisuwa. Na Sabuwa su kira, na Kankara su kira, abokan cin kasuwarsa su kira, kuma kowa amsa ɗaya yake samu: "Da sauƙi, alhamdulillahi." Ai kun san mu. Mu a wurinmu ba a taɓa yin majinyacin da ba shi da sauƙi. Mahaifiyarmu ma da sauƙi take har safiyar da aka kai ta makwancinta. Mutum yana shure-shure, ka tambayi mai jinya, ya ce maka da sauƙi, kai ma ka ce Allah ya ƙara sauƙi, ku rabu kowa ya san ƙarya ce. Ban taɓa ganin aibin abin ba, don ni ma da shi na tashi.

Cikin kiran nan akwai wanda ya ɗan fi sauran tsawo. Ɓangaren Baba kaɗai nake ji, ga ƙarar mota. Yana cewa, "Lahiya lau, ɗiyata. Da sauƙi ƙwarai. I, shina magana. Har ruwa ya sha. Muna bisa hanya. To, to. Allah shi yi miki albarka."

Na ce, "Baba, wace ce?"

Ya ce, "Wata ce, ban gane ta ba. Amma yarinyar tana da ladabi."

Na ɗauka cikin 'ya'yan dangi ce, na ci gaba da toshe hanci.

Mun isa babban asibiti bayan azahar. Ni a tunanina za mu tarar ana jiranmu a ƙofa da gadon turawa, tunda an yi waya. Ko kare bai dube mu ba. Ni da Mani muka ciccibo Kamilu, ƙafafunsa na jan ƙasa, Baba yana biye da ledar ruwan, har ɗakin da ake karɓar masu ciwon gaggawa. Gadajen duk da mutane. Muka kwantar da shi a kan benci a baranda, Baba ya zauna ya ɗora kansa a cinya, ni na shiga neman wadda aka yi waya da ita. Aka nuna mini ita, Sista Rahila, doguwa, tana tsaye kan wani mutum da ake yi wa ƙarin ruwa, ƙafarsa a kumbure, matarsa na zaune kusa da shi da kwanon kunu.

Na ce, "Sista, mu ne na ɓangaren Faskari, masu saran maciji. Mun iso."

Ta biyo ni baranda. Da ta ga Kamilu sai ta tsaya cak. Ta ɗaga leɓensa, ta dubi mayafina, ta dubi filastar hannunsa. Sannan ta ce, "Allurar ta ƙare."

Na ce, "Wace allurar? Wadda aka ce ki ajiye mana?"

Ta ce, "Bayan an kira ni aka kawo wancan daga wajen Sabuwa, shi ma kububuwa ce, yana aman jini. Allurar ta mutum ɗaya ce. Ban taɓa ta ba sai da na kira lambar da aka ba ni. Baba ne ya ɗauka. Na tambaye shi jikin, ya ce da sauƙi ƙwarai. Na ce yana magana, ya ce yana magana, har ruwa ya sha."

A gaban tsohon ta faɗi haka, ko muryarta ba ta rage ba. Baba ya ɗago kai yana dubanta, bakinsa a buɗe. Ya ce, "Ke ce? Ɗiyata, ni na ɗauka gaisuwa ce."

Ta ce, "Na ce maka Sista ce."

Ya ce, "Na ɗauka sunanki ke nan."

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini tafasasshen ruwa. Na matsa har ina jin numfashinta na ce, "Ke 'yar ina ce?" Ta ce ita 'yar ƙasar Kankara ce. Na ce, "To a ƙasar Kankara, tun da uwarki ta haife ki, kin taɓa tambayar dattijo jikin ɗansa ya ce miki babu sauƙi? Kin taɓa? Me ya hana ki ce jini na zuba ko ba ya zuba? Me ya hana ki ce a ba wanda ke riƙe da shi wayar? Me ya hana ki kira wanda ya turo mu?"

Ta ce, "Na kira shi, wayarsa a kashe. Ni na yi tambaya, an ba ni amsa. Wancan yana gabana yana aman jini, naku yana cikin waya yana shan ruwa. Ke da ke ce, wa za ki ba?"

Ba ta kawar da ido ba, ni ma ban kawar ba, kuma a nan na gane ta sani sarai. Ta san abin da da sauƙi ke nufi a bakin tsoho kamar yadda ta san sunanta. Kalma take nema wadda za ta kwance mata hannu ta yi wa na gabanta allura ba tare da ta ɗauki alhakin na hanya ba, ta kuma san irin tambayar da za ta yi ta samu kalmar. Baba ya miƙa mata ita har da sa albarka. Na ce mata Allah ya isa. Ta ce in rage murya akwai marasa lafiya, ta juya ta koma ciki.

Ta tagar ɗakin ina hango mutumin Sabuwa. Aman ya tsaya, har ya jingina da filo, matarsa na ba shi kunu da ludayi yana kurɓa a hankali. Ledar da ke rataye a kansa ta kusa ƙarewa, kuma allurar ƙanena ce a cikinta take ɗiga. Bawan Allahn nan bai yi mini komai ba, ko sunansa ban sani ba, amma na tsane shi tsana mai tsanani, na tsani yadda maƙogwaronsa ke motsi in ya haɗiye.

Can sai ga likita ya zo, saurayi ne, idanunsa duk gajiya. Ya durƙusa gaban bencin ya haska idanun Kamilu da fitilar waya, ya ce ya matse masa yatsu. Hannun dama ya matse, na hagu ya ƙi. Likitan ya miƙe ya ce a nan ba abin da za su iya yi, sai dai a wuce da shi wani asibitin da ya fi nasu girma, can gaba. Mani ya ce in za a tafi a tafi yanzu, don in la'asar ta yi sanyi ba mai bin hanyar nan saboda 'yan bindiga, shi ma yana da iyali.

Na ce ba inda za mu sake ɗaga shi sai an yi waya, kuma wannan karon ni zan yi magana. Baba ya ce, "Baraka, ki bari likita shi yi." Ko kallonsa ban yi ba. Likitan ya kira wani abokin aikinsa a can, ya fara gaisuwa, yana tambayar iyali, yana tambayar aiki. Haba! Na fizge wayar daga kunnensa.

Na faɗa musu komai. Na ce kububuwa ce, saran ya kwana, an ɗebi jininsa ya ƙi daskarewa. Na ce dasashi na zuba, hanci na zuba, fitsarinsa jini ne zalla, kansa na sarawa, hannun hagu ya daina kamu. Na ce ba a yi masa allura ba don an ba wani tasa. Mutumin yana ta cewa to, to, cikin sanyin murya kamar ina ba shi labarin farashin masara, sai na ji tsoro kada shi ma ya ɗauka abin da sauƙi. Na ɗaga murya yadda duk barandar ta ji, na ce, "Malam, ka fahimce ni kuwa? Babu sauƙi ko kaɗan! Mutuwa yake yi! Ƙanena mutuwa yake yi!"

Sai ya ce, "Hajiya, miƙa wa likitan wayar."

Suka koma Turanci. Ban iya Turanci ba, amma na ga likitan ya daina duban Kamilu ya koma duban takalmansa. Da ya kashe wayar ya ja ni gefe kaɗan ya ce, bisa bayanin da na yi, jinin ya riga ya shiga cikin kai. Suna da allurar, amma gadon masu irin wannan hali ɗaya ya rage musu, kuma ba za su riƙe shi ga wanda da wuya ya iso ba. Girgizar hanya kaɗai ta isa ta ƙarasa shi.

Ya ce, "Sun ce kada a wahalar da shi."

Na ce, "Da na ce musu da sauƙi fa?"

Ya sa wayarsa a aljihu ya ce zai sa a sake masa ledar ruwa.

Na juyo. Ashe duk ihun nan da nake yi, ina tsaye ne dab da bencin. Kamilu na kwance, kansa a cinyar Baba, idanunsa biyu a buɗe suna kaina. Tun daga gida ba wanda ya gaya masa komai sai sannu, sai an kusa, sai allura na jiranka. Ya motsa leɓe, na sunkuya.

Ya ce, "Yaya, su suka ce, ko ke kika ce?"

Ni da ban taɓa rasa magana ba, na tsaya kamar gunki. Ya jira ni kaɗan, sannan ya juya fuskarsa ya cusa cikin rigar Baba. Na kama hannunsa mai lafiyar, ya zare. Bai sake cewa komai ba, gare ni ko ga wani. Baba yana shafa kansa yana karanta abin da ya sawwaƙa, jini na bin rigar har ƙasa. Numfashinsa ya koma minshari, ya yi ta ja, ya yi ta ja. Kafin a kira magariba ya cika, a kan bencin nan, gadon ma bai samu ba.

Matar mutumin Sabuwa ce ta fara zuwa yi mana gaisuwa. Ta kwance zanen da ta yafa ta ce a rufe shi da shi, tana kuka da gaske. Na karɓa, don mayafina ba sauran inda bai jiƙe ba. Sista Rahila ta zo ta cire allurar ƙarin ruwan daga hannunsa, ta naɗe robar tsaf, ta ce Allah ya ji ƙansa.

Washegari da safe Mani ya mai da mu gida tare da gawar. Tun daga asibiti har Daudawa Baba bai ce mini uffan ba, na ɗauka nauyin abin da Sistar ta ɗora masa ne ya danne shi, har ina tausayinsa ina neman kalmar da zan rage masa zafi. Muka tarar gida ya cika. Ina shiga na ga mata suna ɗan ja da baya, mai miƙo mini ruwa ta ajiye kwanon a ƙasa maimakon ta ba ni a hannu. Ashe Mani ya riga ya ba da labari a waya, kuma labarin da ya iso gida ba na kwalbar jini ba ne, ba na lambar waya ba ne, ba na allurar da aka ba wani ba ne. Cewa aka yi yaro yana magana, yana gane mutane, likita har ya ce a wuce da shi gaba, sai yayarsa ta tsaya a kansa ta kira masa mutuwa da babbar murya har sau biyu. Ta bayan zana ina jin kawunmu yana faɗa wa masu gaisuwa cewa baki mugun abu ne.

Ni ban faɗi ƙarya ko ɗaya ba. A cikinmu duka, daga Malam Sha'ibu har likitan, ni kaɗai ce na buɗe baki na gaya wa asibiti halin da yaron nan yake ciki, kuma ko yau aka sake ba ni wayar abin da zan faɗa ke nan. Na so in fita tsakar gida in faɗa musu haka, amma ana cikin yi masa wanka, na haɗiye.

Da aka gama shirya shi, aka ajiye makara a tsakar gida, aka ce 'yan'uwa mata su matso su yi masa addu'a kafin a fita da shi. Matar da Kamilu ya bari ta je, gwaggonmu ta je. Ni na goya Kamilu, ni na koya masa tafiya, don haka na tashi na nufi wajen kansa na durƙusa, na ɗaga hannuwana. Sai na ji an tsaya a kaina. Baba ne, idanunsa sun kaɗa jawur.

Ya ce, "Ke dai kada ki ce komi. Kin riga kin ce."

Ya yi wa maza alama, suka ɗauke shi daga gabana, hannuwana suna sama.